Rabin dokokin kwallo rigima ce ta haife su

In kana kallon kwallo yanzu sai ka dauka haka aka same ta tun farko, da ragarta da fenaretinta da jan katinta da canjin 'yan wasa, kamar wasu masu ilimi ne suka zauna rana daya suka tsara komai tsaf. Ina! Kusan duk dokar da ka gani a littafin nan sai da wani ya yi magudi, ko aka ba hammata iska, ko aka cuci wata kasa a idon duniya, sannan manya suka zauna suka ce to daga yau an hana. Ni wannan bangaren na tarihin kwallo ya fi burge ni a kan lissafin wa ya fi wa yawan kofi.

Ita kanta haihuwar wasan da rabuwar kai ta zo. A 1863 ne wakilan wasu kungiyoyi suka rika taruwa a Landan don su fitar da doka daya, saboda kowace makaranta da irin kwallon da take bugawa, wasu da kafa wasu da hannu. Abin da ya raba su guda biyu ne, gudu da kwallo a hannu, da kuma harbin kwaurin abokin karawa da gangan. Eh, harbin kwauri, a lokacin wasu na ganin shi ne jarumtar wasan. Da aka ce an soke su sai kungiyar Blackheath ta yi fushi ta fice, kuma bangarensu ne daga baya ya kafa hukumar wasan rugby a 1871. Wadanda suka rage su ne hukumar kwallon Ingila ta FA, wadda har yau take nan.

Kwallon da suka tsara a ranar ba za ka gane ta ba. Babu gola, sai a 1871 aka san da wannan matsayin a doka. Dan wasa na iya cafe kwallo a sama da hannu. Turaku biyu ne kawai a tsaye babu komai a samansu, ko kwallo ta yi tsayin bishiya indai ta bi ta tsakaninsu an ci. Ka yi tunanin musun da za a sha. Sai aka daura igiya a 1866, ita ma tana lankwashewa ana gardama ta sama ta bi ko ta kasa, har aka wajabta sandar sama a 1882. Raga kuma wani injiniya ne dan Liverpool mai suna John Brodie ya kirkiro ta, aka fara amfani da ita wajen 1891, don a daina cacar baki kan ta ciki ta wuce ko ta waje.

Alkalin wasa ma da farko babu shi a cikin fili. Kyaftin biyu ke sasanta kansu, wai ai 'ya'yan manya ne ba za su yi karya ba. Da abin ya gagara sai kowane bangare ya zo da mutum daya mai sa ido, in su biyun sun kasa jituwa su je wajen wani na uku da ke tsaye a gefe rike da agogo. A 1891 aka juya abin, na gefen ya shigo tsakiya da usur dinsa, su biyun aka tura su bakin layi da tuta.

A wannan shekarar dai aka kawo fenareti, kuma abin dariyar shi ne gola ne ya kawo shawarar, William McCrum, dan Ailan. Da ya fara maganar a 1890 dariya aka yi masa, 'yan Ingila suka ce wannan cin mutunci ne, ta yaya za ka zargi mutumin kirki da yin keta da gangan. To sai ga wasan kofin FA tsakanin Notts County da Stoke a farkon 1891, Notts na gaba da ci daya, ana dab da tashi kwallo za ta shiga ragarsu sai dan bayansu ya sa hannu ya ture ta a kan layi. Hukuncin lokacin bugun tazara ne kawai, gola ya zo ya tsaya a gaban kwallon kamar zai zauna a kanta, aka buga ya tare, Notts ta wuce. Bayan 'yan watanni dokar McCrum ta shiga littafi. Amma fa akwai wata kungiya, Corinthian, da ta ki yarda da ita har zuciya, in aka ba abokan karawarsu fenareti golansu gefe yake komawa ya bar raga a bude, in su aka ba wa sai su buga ta waje da gangan. Sunansu ne Corinthians ta Brazil ta ara a 1910, halin dai ban ce ta ara ba.

Shekara 119 bayan haka Luis Suarez na Urugwai ya maimaita abin da dan bayan Notts ya yi, a kan Ghana, minti na karshe na karin lokaci a kwata fainal din kofin duniya na 2010. Wannan karon doka ta yi duk abin da za ta iya, jan kati da fenareti, Asamoah Gyan ya buga ta daki sandar sama, Urugwai ta wuce a bugun fenareti 4-2. Ni har yau ina ganin kwallon da aka tare da hannu a kan layi kamata ya yi a lissafa ta ci kawai, rugby ma suna da irin wannan hukuncin, amma masu doka ba su taba ta ba.

Gola ma ya sha gyara. Kafin 1912 yana da damar taba kwallo da hannu a ko'ina cikin rabin filinsu, akwai wani dan Wales, Leigh Roose, da ya shahara da tafiya da ita yana dunkulawa a kasa har tsakiyar fili. Aka mayar da su cikin da'irarsu. Satar gida kuwa, da in za ka kauce mata sai akwai abokan karawa uku tsakaninka da layin raga, sai 'yan bayan Newcastle, musamman Bill McCracken, suka kware wajen dana tarko, mutum daya ya matsa gaba kadan shikenan an kama ka, wasa ya koma busa usur zalla. A 1925 aka rage zuwa biyu. Kwallayen babban lig din Ingila suka tashi daga 1,192 zuwa 1,703 a kaka daya. Ba a jima ba Dixie Dean na Everton ya zura 60 shi kadai a lig a kakar 1927-28. Haaland da ake ta yi wa kirari 36 ya ci a Firimiya, ka ga tazarar.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne dadewar da aka yi babu canji. Ka ji ciwo, ko dai ka fita ku karasa ku goma, ko ka koma gefe kana dingishi don dai a cika lissafi. A wasan karshe na kofin FA na 1956 golan Manchester City, Bert Trautmann, Bajamushe ne da aka kama a yakin duniya na biyu ya zauna a Ingila, ya yi karo da dan gaban Birmingham saura kamar minti 17 a tashi. Ya mike yana rike da wuya ya ci gaba da tsaron raga har da tare wasu kwallaye, suka ci 3-1, ya hau ya karbi lambarsa wuya a karkace. Sai bayan kwana uku hoton asibiti ya nuna kashin wuyansa ne ya karye. Lig din Ingila bai yarda da canji ba sai 1965, gasar kofin duniya kuma sai 1970, shi ya sa a 1966 da 'yan Portugal suka yi wa Pele rugu-rugu haka ya karasa wasan da kafa daya. Yanzu kuma mutum biyar ake canzawa tun lokacin korona, koci ya ga dama ya sauya rabin kungiya.

Labarin kati shi ne na fi so, don mutum daya ne ya sha wahala sau biyu kafin dabarar ta fado masa. Ken Aston, malamin makaranta dan Ingila, shi ya busa wasan Chile da Italiya a kofin duniya na 1962, wasan da ya koma dambe, naushi da harbi, an fasa wa wani hanci, ya kori 'yan Italiya biyu kuma na farkon sai da 'yan sanda suka shigo suka fitar da shi. Shekara hudu bayan nan Aston ne ke kula da alkalai a gasar 1966, sai ga kwata fainal na Ingila da Ajantina a Wembley. Alkalin Bajamushe ne, Rudolf Kreitlein, ya kori kyaftin din Ajantina Antonio Rattin da baki, shi ba ya jin Sifaniyanci, shi kuma Rattin ba ya jin Jamusanci, ya tsaya kememe yana nuna kambun kyaftin dinsa yana neman a kawo tafinta, wasa ya tsaya mintuna da dama har sai da Aston ya sauko da kansa. A wasan nan dai Jack Charlton na Ingila sai a jarida ya ga wai an yi masa gargadi, shi bai ma sani ba. Aston yana tuki a cikin Landan yana ta juya abin a ransa ya tsaya a danja, ruwan dorawa ka yi hankali, ja ka tsaya. Shikenan. Aka shigo da katin a gasar Meziko ta 1970, kuma abin mamaki ba a daga ja ko sau daya ba a gasar, sai a 1974 Carlos Caszely na Chile ya zama na farko da ya gan shi, a wasansu da Jamus ta Yamma.

Kati bai hana alkali rudewa ba dai. Graham Poll a 2006 sau uku ya ba Josip Simunic na Kuroshiya katin gargadi kafin ya tuna ya kore shi.

Masu cewa bugun fenareti bayan canjaras zalunci ne, caca ce, su je su duba abin da ake yi kafin shi. A wasan kusa da na karshe na kofin Turai na 1968 Italiya da Tarayyar Sobiyet sun yi minti 120 babu ci a Naples, sai alkali ya shiga daki da kyaftin biyu ya jefa kwabo sama, dubban mutane na zaune a waje suna jiran su ga wa zai fito yana murna. Giacinto Facchetti ne ya fito da gudu, Italiya ta je ta dauki kofin. Kafin nan a neman gurbin kofin duniya na 1954 wani yaro aka daure wa ido a Roma ya zaro takarda, Turkiyya ta tafi Sifaniya ta zauna a gida. A 1970 aka amince da bugun fenareti, kuma babban kofin kasashe na farko da aka raba da shi shi ne na Turai a 1976, ranar da Antonin Panenka na Cekoslobakiya ya dan daga kwallo a hankali ta tsakiyar raga golan Jamus ta Yamma Sepp Maier ya riga ya fadi gefe. Kuri'ar ma ba ta mutu gaba daya ba, a kofin Afirka na 2015 da ita aka raba Gini da Mali a rukuni, Gini ta wuce. Senegal kuma a kofin duniya na 2018 komai nasu daidai yake da na Japan, maki da kwallaye, aka kirga katin gargadi, su shida Japan hudu, suka hado kaya.

Afirka ma sai da ta yi bore kafin a san da ita. A gasar 1966 gurbi daya tal FIFA ta ware wa Afirka da Asiya da yankin Ostareliya gaba daya, kasashen Afirka da Ghana ta Nkrumah a gaba suka ce ba za su buga ba, suka janye dukansu. Koriya ta Arewa ce ta samu gurbin har ta je ta doke Italiya 1-0, kuma wanda ya fi kowa cin kwallo a gasar, Eusebio mai tara, haifaffen Mozambik ne yana buga wa Portugal. Daga 1970 aka ba Afirka gurbinta na kanta, Maroko ta fara cin moriyarsa.

Sai abin da aka yi wa Aljeriya a kofin duniya na 1982 a Sifaniya, wanda ni a wurina ya fi duk wani magudi muni saboda ba a karya doka ko daya ba. Zuwansu na farko kenan, suka doke Jamus ta Yamma 2-1, Rabah Madjer da Lakhdar Belloumi suka ci, duniya ta girgiza. Sun sha kashi a hannun Ostiriya, suka doke Chile 3-2, suka gama nasu. Washegari Jamus da Ostiriya za su kara a garin Gijon, kuma kowa ya iya lissafi, in Jamus ta ci da daya ko biyu su biyun duk sun wuce, Aljeriya ta fita. Minti goma da farawa Horst Hrubesch ya ci wa Jamus, daga nan wasa ya mutu, ba ni in ba ka a tsakiyar fili har aka tashi, 'yan kallo na ihu, magoya bayan Aljeriya na daga takardun kudi sama suna nuna musu. Aljeriya ta kai kara FIFA ta ce babu laifin da za ta kama. Amma tun daga 1986 wasannin karshe na rukuni lokaci daya ake buga su, duk ranar da ka ga kana ta sauya tasha tsakanin wasa biyu to Aljeriya ce ta biya kudin.

Yaran yanzu ba su san akwai lokacin da dan baya zai mayar wa gola kwallo da kafa ya dauka da hannu ba, ya dan dunkula ta, ya mirgina wa dan bayan, shi kuma ya sake mayar masa, haka har lokaci ya kare. Gasar Italiya ta 1990 ce ta kai mutane bango, kwallo 115 a wasa 52, mafi karanci a lissafin kowane wasa a tarihin gasar. Aka hana a 1992, kuma Denmak ce ta yi bankwana da tsohuwar dokar, kasar da ba ta ma samu gurbi ba aka kira ta ta maye Yugoslabiya saboda yaki, ta je ta doke Jamus 2-0 a wasan karshe na kofin Turai, Peter Schmeichel na ta dauke kwallon da ake mayar masa. Ba na jin akwai dokar da ta gyara kwallo kamar wannan, ita ce ta tilasta gola ya koyi wasa da kafa, duk su Neuer da Ederson jikokinta ne. Shekarun nan kuma golan ya koma kwanciya a kan kwallo, dokar da ta hana shi rike ta fiye da dakika shida tana nan amma ba mai busa ta, sai a 2025 aka mayar da ita takwas, ka wuce a ba abokan karawa kwana. Ronwen Williams na Mamelodi Sundowns na cikin wadanda ta fara kamawa, a gasar kungiyoyin duniya da aka yi a Amurka.

Na'ura kuwa FIFA ta dade tana cewa a'a, wai kuskure ma wani dadi ne na wasan, har kwallon Frank Lampard na Ingila ta daki sanda ta fada can cikin ragar Jamus a 2010, kowa a duniya ya gani ban da alkali da mataimakinsa. Da 2-2 za a koma, aka tashi 4-1. A 2014 na'urar layin raga ta iso gasar kofin duniya, VAR ta biyo baya a 2018, ita kuma rigimar da take haifarwa ta ishi wani rubutun daban. Kuma duk wadannan sauye-sauyen ba FIFA kadai ke yin su ba, wata majalisa ce mai suna IFAB da aka kafa tun 1886, Ingila da Sikotland da Wales da Ailan ta Arewa kowa na da kuri'a daya, FIFA mai kasashe sama da 200 tana da hudu, kuma sai an samu shida cikin takwas doka ke wucewa.

Wani lokacin kuma masu shirya gasa ne ke zama haka kawai su kirkiro doka ba wanda ya tambaye su. A wasannin neman gurbin kofin yankin Karibiyan na 1994 aka ce ba a yarda da canjaras ba ko a rukuni, in an tashi daidai a tafi karin lokaci, wanda ya fara ci ya yi nasara, kuma wannan kwallon biyu za a lissafa ta. Barbados na bukatar doke Grenada da tazarar kwallo biyu. Suna gaba 2-0, saura kamar minti bakwai Grenada ta farke daya, 2-1 kenan, wanda ke nufin Barbados ta fita. Suka dan taba neman ta uku suka ga ba hanya, sai wani dan bayansu ya yi lissafi, ya tsaya suna ba ni in ba ka da golansa, can ya juya ya dankara ta a ragarsu da gangan, 2-2, don a tafi karin lokaci inda kwallo daya ke zama biyu. Sai 'yan Grenada suka farga cewa su ma yanzu ko wace raga suka jefa kwallo sun wuce, 3-2 nasara ce, 2-3 ma faduwa ce da tazarar daya wadda ta ishe su. Mintunan karshe Grenada na kai hari raga biyu, tasu da ta abokan karawa, 'yan Barbados sun rabu gida biyu suna tsare duka biyun. Suka rike har aka busa, aka shiga karin lokaci Barbados ta ci daya, aka rubuta 4-2 suka wuce.